RABIN LUDAYIN KAWU GENZO

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo wai Tokiko ta fiye baƙin rai, na gani, na gode. Ku zo ku tsaya bayan kantar shagon ku wanke kwanon Kawu Genzo na wata guda, sai mu sake magana.

*

Tokiko ce ta rataye labulen a bakin ƙofar shagon abincinsu da safen nan, kamar yadda ta saba tun rasuwar mahaifinta. Shuɗin ƙyalle ne da rana ta cinye, da sunan gidan Hoshiba a jiki da rubutun hannun marigayin. Ta daɗe tana gyara masa zama a kan gorarsa, don ta san ƙila ba za ta sake rataya shi ba. Mai labule shi ne mai shago, shi ne mai suna. Wanda bai samu ba sai dai ya zama ɗan wanke-wanke a gidan ubansa, ko ya tattara ya bar garin.

Yau mahaifiyarta, Inna Fusa, za ta miƙa shi ga ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu, ko Tokiko ko ƙanenta Masaji.

Abin takaicin, ba ma Inna ce za ta zaɓa ba. Wai harshen Kawu Genzo ne zai zaɓa.

Mtsw.

Ga su nan a layi cikin dusar ƙanƙara, hannaye a hammata, tsofaffin da ba sa iya buɗe ido sai sun zuƙi ramen, taliyar nan da ake ci cikin romo. Kawu Genzo a gaba da hularsa ta ulu, shi ne aminin marigayi, shi ne kuma ya fi kowa daɗewa yana ci a gidan. Tome tsohon direban tasi a bayansa yana tari. Sai sauran 'yan amshi. Ta rusuna ta yi musu barka da zuwa. Kawu Genzo ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashin labulen, ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Yau dai za mu huta," ya ce da Tome, da ƙarfi yadda za ta ji.

Shekara uku ke nan tana shan wannan. Kowanne da tasa fatawar. Tome ya ce tun da Maigida ya rasu taliyar ta yi laushi, alhali mutum ɗaya ne ke kawo musu ita kullum da asuba tun Tokiko na 'yar makaranta. Wani ya ce ko ƙwan ma ya rage kyau, sai ka ce kazar ce ke zaman makoki. Akwai wani ɗan ma'aikacin ofis mai ɗaukar hoton kwano kafin ya ci, ya je ya rubuta a waya wai gidan ya mutu tare da mai shi. Yaron da bai taɓa ɗanɗana girkin marigayin ba, ko fuskarsa bai sani ba!

Duk wannan ba ya ci mata rai kamar kwanon Kawu Genzo.

Marigayi bai taɓa tambayar kowa ya ka ji abinci ba. Kwano yake dubawa. A gindin kowane kwanon gidan akwai ɗan zanen tauraro, ba a ganinsa sai an shanye romo tas. In tauraro ya fito, an yaba. In kwano ya dawo da romo, mari ne, ko da mai shi ya fita yana washe baki.

Tun ranar da Tokiko ta karɓi tukunya, Kawu Genzo bai bari ta ga tauraron nan ba ko sau ɗaya. Zai tsince taliyar, ya tsince naman kazar, ya bar romon, ya gitta tsinkayen cin abincinsa a bakin kwano, ya miƙe ya ce, "An gode da ruwan zafi." Sauran kuwa sai su saci kallon kwanonsa su bar nasu daidai inda ya bar nasa. Har aunawa suke da ido, marasa kunya.

Ana nan sai ga Masaji. Shekara da shekaru yana Tokyo yana sayar da tayar mota, ko jinyar ubansa bai zo ba sai ranar ƙarshe. Aikin ya ƙare, matarsa ta kama gabanta, ya dawo da akwati ɗaya da tumbi. Washegari ya ɗaura tawul a goshi, ya harɗe hannu a ƙirji a bayan kanta kamar a nan aka yanke masa cibiya. Inna ta raba musu kwana, safiya ɗaya tasa, ɗaya tata.

Romon fa ɗaya ne, Tokiko ke tashi ta dafa shi ko ranar waye. Haɗawa a kwano kawai Masaji ke yi. Amma ranar girkinsa sai ka ga Kawu Genzo ya ɗaga kwano da hannu biyu ya kafa kai, ya sauke, ya juya wa jama'a tauraro su gani.

"Ɗan gida ya dawo," zai ce.

Ita kuwa tana ganin ta san dalili, kuma dalilin ne ba ta da bakin faɗa.

A lungun madafa akwai tulun marigayi. Ruwan gishiri ne a ciki, wanda aka jiƙa da ganyen teku da busasshen kifi, garai-garai kamar ruwan sha. Ludayi guda ake zubawa a gindin kwano kafin a kwara romo, shi ne ɗanɗanon gidan gaba ɗaya. Kowa ludayi guda, ban da Kawu Genzo. Nasa rabi ne.

Tun shekarar da ya yanke jiki ya faɗi a gidan wanka, likita ya ce hawan jini ne, in bai rabu da gishiri ba faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba. Shi kuma ya rantse gara a binne shi da ya bar ramen ɗin safe. Matarsa Goggo Shizu ta zagayo ta ƙofar baya, ta durƙusa har goshinta na taɓa ƙasa, ta roƙi marigayi ya rage masa a ɓoye. In ya sani, zai koma wani shagon ne ya sha cikakke don taurin kai. Marigayi ya ɗauki alkawari. Da zai mutu ya ɗora wa Tokiko, Inna na zaune.

Masaji bai san wannan ba, yana Tokyo. To ai shi ke nan, cikakken ludayi yake zuba wa tsohon, shi ya sa yake lashe kwano. Haka Tokiko ta lissafa, tana ta haɗiyar baƙin ciki.

Tana yanka albasa aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Goggo Shizu ce, ta ranƙwafo da sandarta, da ɗan ƙunshin tsamin kabeji da ta kawo musu. Ta kama hannun Tokiko da hannuwanta masu sanyi.

"'Yata, na san yau ranarki ce. Amma yau ma rabi, ko?"

"Goggo, kin taɓa ganin na saɓa?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa nake iya barci."

Ta zagaya ta shiga ta gaba, ta zauna can ƙarshen kanta, ta ce a ba ta shayi kawai.

Shago ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa tashi da safe ba don neman abin kansu, yau sun tashi don gulma. Inna Fusa ta fito cikin rigarta ta zuwa gaisuwa, ta tsaya a tsakiya ta maimaita sharaɗin. Kowanne zai haɗa kwano ɗaya, kayan sama iri ɗaya. Ita za ta kawo su da kanta, Kawu Genzo ba zai san na wane ne wanne ba. Wanda kwanonsa ya dawo a bushe, labule nasa ne.

"To in ya shanye duka biyun fa, Inna?" in ji Tome.

"Sai a bai wa babba."

Shagon ya ɗauki dariya. Kawu Genzo har da dukan kantar shagon, wai ya shanye na Tokiko, sai ka ce an ɗaure shi.

Ta koma madafa kunnuwanta na zafi. Masaji ya riga ta zuwa lungun tulu, ya ba ta baya ya zuba nasa, ya wuce wajen tukunyar taliya yana fito. Ta ɗauki kwanonta ta ƙarasa. Ta tagar miƙa abinci muryar Kawu Genzo ke shigowa tar, ya samu taro ya buɗe karatu.

Wai shi ko a mafarki aka ba shi romon Maigida zai gane. Wai harshen mace ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau nan gobe can. Wai da yarinyar nan ta auri ɗan mai shagon keke lokacin da ya nace, da tuni ta huta su ma sun huta.

Yarinya. Mace mai furfura a gefen kunne. Kuma ɗan mai kekunan don tukunyar nan ta sallame shi, lokacin da hannun Baba ya fara rawa.

"Matsalarta ɗaya ce," ya ci gaba. "Rowa. Tsoron gishiri take kamar daga jikinta ake yankowa. Maigida kuwa hannunsa a buɗe yake."

'Yan amshi suka ce ƙwarai kuwa, haka ne.

Ludayin na hannunta, ta riga ta ɗebo rabi. Hannu ya saba, ko ido rufe ba ya wuce nan.

Ta tsaya tana kallon ruwan.

Rowa. Ita da ta daɗe tana jan kwanan tsohon nan da rabin ludayi, ita ce marowaciya. Ta riƙe alkawari, ya tsaya a gaban mutane yana tsinka ta. Wancan da bai san komai ba yana ɗura masa gishiri, ana ce masa ɗan gida. In ta zuba rabi yau, ta miƙa wa Masaji labulen Baba da hannunta ke nan. Kwano ɗaya dai. Kwano ɗaya ba zai kashe shi ba, ai na Masaji ma bai kashe shi ba.

Gishiri kake so, Kawu? To.

Ta mayar da ludayin cikin tulu ta cika shi har yana zuba.

Inna ta shigo da faranti. Ta ɗora na Tokiko a hagu, na Masaji a dama. Ba ta kalli kowa ba ta fita.

Kai, ka zo ka ga iyayi. Kawu Genzo ya cire hula. Ya goge tabarau. Ya kurkure baki da ruwa. Ya naɗe hannun riga, ya haɗa tafuka ya yi godiyar abinci, shago ya yi tsit sai ƙarar tukunya. Ya jawo na hagu, ya shinshina, ya ɗebi romo a cokali ya kurɓa.

Tokiko ta riƙe gefen taga.

Fuskar tsohon ta yamutse kamar ya tauna maɗaci. Ya ajiye cokali, ya jawo kofin ruwa ya shanye.

"Teku aka juye a nan?"

Aka fara 'yar dariya.

"Wannan nata ne, ba sai an faɗa min ba. An ce mata babu gishiri, ta je ta zazzage buhu. Abin da nake gaya muku ke nan, mace ba ta san tsakiya ba."

Ya ture kwanon gefe da bayan hannu, ya gitta tsinkaye a kai.

Can ƙarshen kanta Goggo Shizu ta sauke kofin shayinta a hankali. Ta ɗago ta dubi tagar madafa. Tokiko ta kasa haɗa ido da ita.

Ya jawo na dama. Kurɓa ɗaya ya lumshe ido. Kurɓa ta biyu leɓensa ya fara rawa. Jama'a, tsohon nan hawaye ya yi, hawaye na gaske, har da jan majina.

"Shi ne," ya ce. "Wannan hannun Maigida ne. Na yi zaton ba zan sake jin sa ba sai na tarar da shi."

Ya zuƙe taliyar da ƙara, ya ɗaga kwano da hannu biyu, ya sauke. Tauraro. Shago ya kaure da tafi, ɗan ofis na ta ɗaukar hoto.

Tokiko ta juya. Masaji na jingine da bango yana murmushi, yana warware tawul ɗin goshinsa.

"Nawa ka zuba?"

"Me fa, Yaya?"

"Kar ka raina min hankali. Ludayi nawa ka zuba masa?"

Ya sosa ƙeya.

"Rabi mana."



"Yau kaɗai?"

"Kullum. Tun ranar da na dawo Inna ta faɗa min. Ta ce kar in kuskura in cika wa Kawu, yana da ciwo." Ya ɗan dubi ƙasa. "Na ɗauka ke ma rabin za ki zuba."

Ashe abu ɗaya ne.

Romo ɗaya, tulu ɗaya, rabin ludayi ɗaya. Wanda yake kira ruwan zafi ranar girkinta shi ne yake lashewa ranar girkin Masaji, shi ne yau yake yi wa kuka. Ba romon yake ji ba, fuskar da ke bayan kanta yake kallo. Kuma ita da ta fi kowa raina maganar mutanen nan, yau ɗaya da ta saurare su, ta ɗauki zancen Kawu Genzo ta zuba a kwano. Haushin kanta ya fi na kowa cin ta.

Inna ta shigo ta ajiye faranti. Ta ce Masaji ya je ya sauko da labulen, a yi abin a gaban mutane. Ya fita da saurinsa.

"Kin faɗa masa," in ji Tokiko.

"Ɗana ne. In bar shi ya kashe mutum a kan rashin sani?"

"Ni ba ki faɗa min kin faɗa masa ba. Kina kallo ina zaton cikakke yake zubawa."

"Kin tambaye ni?"

"Inna, kin san abu ɗaya muke ba shi. Kin san tsohon nan ƙarya yake. Kina zaune a nan kullum yana ci min mutunci, ba ki taɓa cewa uffan ba."

Inna ta ɗauki tsumma tana goge farantin da ba abin da ya zuba a kai.

"Da kin zuba rabi, da kwano biyu iri ɗaya ne, da ban san yadda zan yi ba. Tun da mahaifinku ya rasu nake kallon hannunki ina neman inda zan kama, ban samu ba." Ta rataye tsumman. "Yau kin ba ni."

Tokiko ta tsaya tana kallon matar da ta haife ta.

"Don dai shi namiji ne."

"Don shi ne zai bar wa wani sunan. Ke wa za ki bar wa? Ki wanke fuska ki fito ki rusuna wa mutane."

Ba ta wanke ba. Haka ta fito ta tsaya a bayan kanta, daidai gaban Kawu Genzo, inda ta saba tsayawa. Masaji ya shigo da labulen a kan gorarsa, ƙanƙara na ɗiga daga gefensa, ya miƙa wa Inna don ta mayar masa a gaban shaidu. Kawu Genzo ya riga ya fara jawabi a kan yadda harshe ke buƙatar shekaru kafin ya nuna.

Ba wanda ya kula da Tome.

Tome kuwa tunda yake bai taɓa iya ganin abinci a ajiye ya kau da kai ba. Ya miƙa hannu ya jawo kwanon hagu, wai kar a yi asarar naman kaza. Ya ɗebi romo ya kurɓa, yana shirin yamutsa fuska irin yadda Kawu Genzo ya yi.

Fuskar ta ƙi yamutsuwa.

Ya sake kurɓa.

"Af. Genzo, me ya samu wannan? Ai shi muke sha kullum."

"Ka ji sakarai."

"A'a, da gaske. Kai, ɗanɗana ka ji."

Na kusa da shi ya karɓi cokali ya kurɓa, ya ce lallai wannan ne na kullum, na Maigida ma haka yake. Na uku ma haka. Ɗan ofis ya sauke wayarsa. Tome ya jawo kwanon da aka shanye, ya karkata shi, ya tara ɗan ɗigon da ya rage a cokali ya lasa. Ya tsaya yana taɓe baki.

"To wannan kuma fa? Wannan ai lami ne. Irin wanda suka riƙa ba ni a asibiti da aka yi min aikin ciki."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Kawu Genzo ya dubi kwanon da ya yi wa kuka. Ya dubi Masaji, Masaji ya sunkuyar da kai. Ya dubi Inna, Inna na kallon labule. Sai ya juya a hankali ya dubi ƙarshen kanta.

"Shizu."

Kofin ya yi ƙara a hannunta.

"Tun yaushe?"

"Maigida, ka bari mu je gida..."

"Tun yaushe, na ce?"

"Tun da ka faɗi a gidan wanka." Ta ajiye kofin. "Ni na roƙe shi. Amininka ne da kansa ya fara rage maka. Yarinyar nan ɗorawa kawai ta yi, ba ta canza komai ba, ko ɗigo."

Da Tome mai hankali ne da ya yi shiru. To ba shi ba ne.

"Tirƙashi. Sarkin harshe guda, ashe shekara da shekaru abincin majinyata kake yi wa kirari. Mu kuma muna ta barin romo mai kyau a kwano saboda kai."

Wannan karon ba wanda ya ɓoye dariyarsa. Mutanen da ɗazu suke ce masa ƙwarai kuwa, su ne yanzu har da riƙe ciki. Tokiko ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta ji ba abin da ta tsana a duniya irin su. Ko daɗin abin ma ba ta ji ba.

Wuyan Kawu Genzo ya yi ja har cikin kunne. Ya miƙa hannu ya fizge kwanon hagu daga gaban Tome, ya watsar da tsinkayen.

"Ni za a yi wa abincin marasa lafiya a ɓoye? Ni?"

"Maigida, don girman zamanmu, kar ka sha," in ji Goggo Shizu. Ta yunƙura za ta tashi, sandar ta zame ta faɗi ƙarƙashin kujeru. "Ka riga ka sha kwano guda. Ko maganinka na safe ba ka sha ba."

Ya tallafi kwanon da hannu biyu, ya kafa kai.

Masaji ne ya fara ganewa. Ya yi wuf ya matso kusa da uwarsa.

"Inna, wannan ai ba ya ciki, ko? An riga an gama."

Inna ta ƙara riƙe gorar. Labulen na hannunta, ba ta miƙa ba tukuna.

"Inna ta ce in ya shanye duka biyun, na babba ne," in ji Tome. "Duk mun ji."

 Maƙogwaron tsohon kawai ake ji yana ƙwat, ƙwat.

Tokiko ce mafi kusa da shi. Faɗin kanta ne kaɗai tsakaninsu, in ta miƙa hannu za ta riƙe bakin kwanon. Goggo Shizu na can ƙarshe, ta dafa kujera ta kasa tashi, kuma ba mijinta take kallo ba.

"Tokiko. 'Yata. Karɓe shi."

Kawu Genzo ya sauke kwanon don ya ja numfashi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, jijiyar gefen kansa ta tashi raɗau. Romon ya ja baya sosai. Can a gindi, ta ƙarƙashin ɗan abin da ya rage, tsinin tauraro ɗaya ya leƙo.

Shekara uku tana jiran ganinsa.

Kawu Genzo ya sake ɗaga kwanon.

Hannun Tokiko na ajiye a kan kantar, bai kai taƙi ɗaya ba tsakaninsa da kwanon, kuma bai motsa ba.